Digiri na Biyu a Fannin Zane Mai Motsi: MA, MFA ko MSc?

Ga mai neman digiri na biyu a zane mai motsi, wato animeshon, kafin a zo maganar sunan makaranta, sai a fara da lissafi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka gajeren fim na minti 3 hoto 4,320 ke nan. Masu zane da hannu sukan rage wa kansu wahala su bar kowane zane ya zauna sau biyu. To ko a haka, zane 2,160 ne ke jiran mutum, ban da bango, ban da launi, ban da sauti. A ce kwas ya ware mako 16 don ainihin aikin fim, ana aiki kwana biyar a mako. Kwana 80 ke nan, zane 27 kullum, babu ranar ciwon kai, babu ranar da malami zai ce a rushe wani fage a sake. Wanda ya gudu zuwa 3D, wato zanen kwamfuta mai zurfi kamar na zahiri, shi ma bai tsira ba. In kowane hoto yana cin minti 5 kafin kwamfuta ta gama haɗa haske da inuwa ta fitar da shi, abin da masu sana'ar ke kira renda, fim ɗin nan zai riƙe na'ura ɗaya awa 360, wato kwana 15 dare da rana. In kuma aka gano kuskure a hasken bayan an gama, sai a sake lale.

Wannan lissafin ya kamata mai neman digiri na biyu ya riƙe a ka yayin da yake duba kwasa-kwasai. Tsawon kwas da yawan hannayen da za su taru a kan aiki ɗaya su ke yanke irin abin da ɗalibi zai fito da shi, kuma abin da ya fito da shi ɗin, fim ne ko faifan gwaninta (gajeren bidiyon zaɓaɓɓun ayyukansa) ko manhajar da ya rubuta, shi za a ce ya nuna ranar neman aiki. Situdiyo ba ta cika tambayar takarda ba. Jami'a ce ke tambayarta, sai kuma ofishin biza.

MA: shekara ɗaya ko biyu

A Birtaniya yawancin MA (Master of Arts, digiri na biyu na fannin fasaha) shekara ɗaya ce cur, kiredit 180. A tsarinsu kowane kiredit awa 10 ne na aiki, jimilla awa 1,800. Akan raba shekarar gida uku: zangon farko na gwaje-gwaje da ƙananan ayyuka, na biyu na bincike da shirin fim, na uku na babban aikin kammalawa. Wanda ya tsaya a kiredit 60 satifiket zai samu, wanda ya kai 120 difloma. Royal College of Art da ke Landan, wadda masu digiri kaɗai take ɗauka, a da shekara biyu take yin MA ɗinta na animeshon, daga baya ta mayar da shi shekara ɗaya.

Amfanin gajeren kwas a bayyane yake: kuɗin makaranta sau ɗaya, hayar ɗaki ta shekara ɗaya, rabuwa da albashi ta shekara ɗaya. Illarsa ita ce ba wurin koyon sana'a daga tushe ba ne. Wanda ya shiga bai iya sa mutum ya yi tafiya a allo ba tare da ƙafarsa na zamewa ba, zangon farko zai ƙare yana kokawa da manhaja, na biyu ya zo ba shi da labarin da ya nuna, na uku ya tarar da lissafin da aka yi a sama. Abin da akan gani a ƙarshe shi ne fim na minti 6 a takarda da ya koma minti 2 a allo, rabinsa ba launi. MA na shekara ɗaya ya fi yi wa wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yana da wani tunani takamaimai da yake son ya ba shi wata goma sha biyu, ya kuma zo da shi a aljihu tun ranar farko.

A sauran ƙasashen Turai an fi yin shekara biyu, maki 120 na ECTS, tsarin ƙirga kiredit na Turai. Kowane maki awa 25 zuwa 30 ne, wato awa 3,000 zuwa 3,600, kusan ninkin na Birtaniya. Makarantar fasaha ta Istoniya, EKA, da ke Tallinn tana koyar da MA na animeshon da Turanci, kuma ta yi suna a finafinan da mutum ɗaya ke ƙirƙira da salon kansa. Jami'ar fasaha ta MOME da ke Budapest ma a wannan layin take. Akwai kuma RE:ANIMA, shirin haɗin gwiwa ƙarƙashin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, inda ɗalibi ke zagaya LUCA a Beljiyam da Aalto a Finlan da Lusófona a Fotugal. Yawon yana da daɗin ji, amma wanda aikinsa na 'yan tsana ne da ake ɗauka hoto ɗaya-ɗaya ya yi tunanin yadda zai riƙa kwasar ɗakunan katako da fitilu daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ko a Birtaniyar akwai masu shekara biyu. National Film and Television School da ke Beaconsfield tana da digiri na biyu na ba da umarni a animeshon, ana farawa a watan Janairu, ɗalibai 'yan kaɗan take ɗauka, kuma ɗalibin animeshon yana aiki ne da takwarorinsa na sashen sauti da kiɗa da tace hoto da furodusoshi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa sauti ne ke kashe fim ɗin ɗalibi, ba zane ba: an yi wata takwas ana zane, an bar sauti sai makon ƙarshe.

MFA: ga mai son koyarwa ko mai son ya zama marubucin fim ɗinsa

MFA (Master of Fine Arts) ɗan Amurka ne a asali. Shekara biyu zuwa uku yake ci, kuma mizanin da ƙungiyar malaman fasaha ta can, College Art Association, ta shimfiɗa shi ne aƙalla kiredit 60 na simesta. Ana ɗaukarsa a matsayin digirin ƙoli a fannonin aikin hannu, shi ya sa tallan neman malamin animeshon a jami'o'in Amurka yakan ce sai mai MFA. MA ba ya tsayawa a madadinsa a can. A makarantar fasaha ta SCAD da ke Savannah za a ga bambancin ƙuru-ƙuru, domin tana ba da duka biyun a fanni ɗaya: MA kiredit 45, MFA kiredit 90 a tsarinta na zango huɗu a shekara. Wanda yake da niyyar koyarwa a wata ƙasa dabam kuwa, ya binciki dokar ƙasar tukuna, don wurare da yawa digirin dakta suke nema kafin malami ya yi nisa, kuma MFA ba ya ɗauke masa wannan.

Rayuwar MFA a kan zaman suka take tafiya. Ana haska aikinka, ko da rabi ne, malamai da ɗalibai su zauna su yi masa filla-filla, kai kuma ka kare shi ko ka karɓi gyara. Ga karatun tarihi da nazarin fim, ga rubutaccen kundi da ke raka fim ɗin kammalawa. Wanda burinsa kawai ya iya manhajar 3D ta Maya ya samu aiki zai ga ana ɓata masa lokaci, kuma a ma'auninsa gaskiya ya faɗa.

A nan akwai wani rami da masu nema ke yawan faɗawa. Sunan CalArts da ke Valencia a Kalifoniya ya cika duniya saboda manyan daraktocin Pixar da Disney da suka fito daga can, amma sashen da ya fi yaye su, na motsa halittun labari, digirin farko kaɗai yake bayarwa. MFA ɗin makarantar na animeshon ɗin gwaji ne, shekara uku, inda za ka tarar da mai zane da yashi, da mai kankare jikin fim, da mai haska hoto a bangon ɗakin baje koli. Wanda ya aika musu faifai cike da 'yan tsanan 3D masu ban dariya irin na manyan situdiyo ya buga ƙofar da ba ita ba ce. UCLA, jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, kuma an san sashenta da aƙidar mutum ɗaya fim ɗaya: kai ne marubuci, kai ne mai zane, kai ne mai tacewa. Za ka fito ka taɓa kowane mataki, amma da wuya ka fito ka goge a mataki ɗaya irin gogewar da situdiyo ke saya.

Kishiyar wannan ita ce Gobelins da ke Paris. Digirinta na biyu a motsa halittun labari da shirya fim shekara biyu ne, ana koyarwa da Turanci, kuma fim ɗin kammalawa na ƙungiya ne. Koma ga lissafin farko: zane 2,160 a hannun mutum biyar ko shida wani abu ne dabam da a hannun mutum ɗaya, shi ya sa finafinansu ke fitowa da ƙyalli kamar na kasuwa. Farashin wannan ƙyallin shi ne ba lallai labarinka za a zaɓa ba. Kana iya shafe shekara kana zana bangon tunanin wani. Ga mai son shiga situdiyo horo ne na gaske, saboda a can ma haka aikin yake. Ga mai son a ce fim ɗin wane ne, abin yakan zo da ɗaci.

MSc: inda zane ya haɗu da lissafi

Kowane babban fim na 3D yana da mutanen da ba sa zana komai amma in babu su aiki ya tsaya: masu sa wa ɗan tsana ƙasusuwa da mahaɗai don a iya motsa shi, masu kwaikwayon ruwa da hayaƙi da tufa da gashi, masu rubuta ƙananan manhajojin da ke kai fayil daga sashe zuwa sashe. Digirin kimiyya, wato MSc (Master of Science), shi ke kai mutum nan. Cibiyar animeshon ta kwamfuta da ke Jami'ar Bournemouth a Birtaniya, cibiyar da aka kafa a 1989, tana da MA ga masu zane da kuma MSc ga masu rubuta manhaja. Jami'ar Texas A&M ita ma tana ba da MS (sunan MSc a Amurka) da MFA a sashenta na fasahar hoto. A Carnegie Mellon da ke Pittsburgh akwai Entertainment Technology Center, shekara biyu, inda ake cakuɗa mai zane da injiniya da mai tsara wasa a ƙungiya ɗaya a ba su aiki da wa'adi.

Masu zuwa daga kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci ko lissafi su fi kowa duba wannan hanya, don abin da suke ganin naƙasu ne, wato rashin iya zane, a nan ba ya hana shiga. Abin da ke hana ci gaba shi ne raunin lissafi. Juya hannun ɗan tsana a sarari lissafin matris ne, zubar ruwa kuma lissafin sauyi ne. Harsunan rubuta manhaja Python da C++ da manhajar Houdini su ne kayan aikin yau da kullum. Mai zanen da ya shiga MSc saboda ya ji an fi samun aiki, alhali rabonsa da aljabara tun sakandare, jiki magayi tun kafin zangon farko ya raba.

Ɓangaren dizain a taƙaice

Wanda ya fi karkata ga rubutu mai motsi a talla, ko buɗewar shirin talabijin, ko yadda maɓalli ke amsawa a allon waya, bai kamata ya nemi kwas ɗin shirya fim ba. Kwasa-kwasan zanen sadarwa da na tsara mu'amalar mutum da na'ura su ne nasa, kuma a can tsarin haruffa da tazara da launi da bincike kan masu amfani da abu sun fi labari nauyi. Manhajojin After Effects da Cinema 4D da Figma ne a teburinsu. A Amurka, jami'ar Yale da makarantar dizain ta RISD duk suna da MFA na zanen sadarwa kala biyu, na shekara biyu da na shekara uku, na ukun ga wanda digirinsa na farko ba a wannan fannin ba ne. Ƙarin shekarar tana da tsada, amma ita ce amsar gaskiya ga mai sauya layi.

Akwai kuma wanda digiri na biyu bai zama dole a kansa ba sam. In abin da ake so shi ne a goge a motsa jiki da fuska a samu shiga situdiyo, satifiket na bayan digiri irin na Sheridan College a Kanada, ko makarantun intanet irin su Animation Mentor, sukan kai mutum can da ƙarancin lokaci. Sai dai ba digiri ba ne: ba za su ba ka damar koyarwa a jami'a ba, na intanet kuma ba ya zuwa da biza.

Gani ya kori ji

Shafin kowace makaranta zai ce maka ita ce kan gaba. Abin da ba ya ƙarya shi ne finafinan ɗalibanta. Nemo na shekaru uku da suka wuce a Vimeo ko YouTube, kada ka tsaya a guda biyun da suka je babban bikin finafinan animeshon na Annecy a Faransa, don waɗannan ko'ina suka je da sun yi fice. Kalli na tsakiya da na ƙasa, su ke nuna abin da koyarwar ke yi wa ɗalibi gama-gari. Ka lura ko duk finafinan kamarsu ɗaya, alamar malami ɗaya ne ya danne kowa. Ka ƙirga nawa ne aka kammala da launi da sauti. Sannan ka tsaya a jerin sunayen ƙarshen fim, ka ɗauki suna goma ka duba a LinkedIn inda suke bayan shekara biyu. In bakwai suna aikin da kake mafarki, ka samo wurinka. In yawancinsu sun bar fannin, hoton ginin makarantar ba zai canza wannan ba.

Kundin ayyuka: ba riga ɗaya ce ta kowa ba

A nan ake cin jarrabawar ko a faɗi, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa kundi ɗaya a watsa wa makarantu takwas. Makarantar da mutum ɗaya ke ƙirƙirar fim ɗinsa tana son ganin gajeren fim kammalalle, ko na minti ɗaya ne, da littafin zanenka na yau da kullum, da alamar cewa akwai abin da ke damunka wanda kake son faɗa. Makarantar da ke ciyar da situdiyo tana son ganin nauyi da lokaci da wasan fuska. Ta kimiyya tana son ganin manhajar da ka rubuta ka ɗora a shafin GitHub da bidiyon da ke nuna tana aiki. Ta dizain tana son ganin hanya: matsalar da aka kawo, zanen da aka yi aka watsar, dalilin zaɓen na ƙarshe.

Faifan gwaninta kada ya wuce minti ɗaya zuwa biyu sai in makarantar ta faɗi wani abu dabam. Mafi kyawun aikinka ya zo a daƙiƙa goma na farko. Mai dubawa yana da ɗaruruwan faifai a gabansa, sau da yawa ma sautin a kashe yake, don haka tambarin sunanka da ke juyi na daƙiƙa 15 da kiɗa mai ƙarfi asara ce. Ɗauki misalin fage guda: mutum zai ɗaga akwati mai nauyi. Idon malami yana kan ko ya durƙusa ya gyara tsayuwa kafin ya ɗaga, ko ƙugunsa ya koma baya ya daidaita nauyin, ko tafin ƙafarsa ya kafu a ƙasa ko yana sulɓewa, ko akwatin ya ɗan ja kafaɗunsa ƙasa bayan ya miƙe. Daƙiƙa 6 da suka amsa waɗannan sun fi minti guda na yaƙin dodanni da kyamara ke ta shawagi don ɓoye kuskure. Aiki mai rauni guda ɗaya kuma yana jan sauran ƙasa, domin yana nuna ba ka san mai rauni ba ne. Cire shi ko da faifan zai koma daƙiƙa 45.

In aikin ƙungiya ne, a rubuta wa ya yi me. Layi ɗaya ya isa: daga 0:12 zuwa 0:19 motsin jiki da fuska nawa ne, ɗan tsanan da ƙasusuwansa na wani ne, an yi a Maya. Yin shiru a kan wannan, in aka gano a ganawa, ya kashe maganar. Haka batun hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta samar: karanta ƙa'idar kowace makaranta, inda aka ce a bayyana a bayyana.

Masu neman ɓangaren zanen hannu su sa zanen da suka yi daga abin da ido ya gani, mutane a zaune da a tsaye, hannaye, ƙafafu, dabbobi, lungun ɗaki. Kwafin halittun katun da aka sani ba ya nuna komai sai iya kwafi. Yana da kyau a sani tun wuri cewa kwasa-kwasai da yawa na wannan ɓangaren suna da darasin zana jikin mutum ba tufafi. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya tambaya kafin ya biya kuɗin fom ko darasin dole ne, ko akwai madadinsa.

Sai ƙananan abubuwan da ke kayar da babban aiki. Fayil ɗin MP4 mai tsarin H.264 a girman 1920 da 1080 yana buɗewa kusan ko'ina. Makarantun Amurka da yawa ta shafin SlideRoom suke karɓar kundi, kuma kowace tana da iyakar yawan fayil da girmansa. In mahaɗin Vimeo ka bayar mai kalmar sirri, ka gwada shi a wayar wani, kada kuma ka canza kalmar ko ka sauke bidiyon sai sakamako ya fito.

Takardu da kalanda

Takardar bayanin manufa ba tarihin rayuwa ba ce. Kowa ya taso yana son katun, faɗin hakan bai raba ka da kowa ba. Abu uku ake nema: me kake son yi a wannan kwas ɗin, me a aikinka na baya ke nuna za ka iya, me ya sa sai wannan makarantar. A na ukun ka ambaci darasi ko ɗakin aiki ko malamin da aikinsa ya shafi naka, bayan ka tabbatar yana nan bai bar wurin ba. In za a iya canza sunan makarantar a takardarka ba tare da wata jimla ta lalace ba, ba ka rubuta ta ba tukuna.

Wasiƙun shaida biyu ne ko uku. A ba masu rubutawa aƙalla mako shida, tare da faifan da bayanin kwas ɗin. Malamin da ya ga yadda kake karɓar gyara ya fi shugaban sashen da bai san fuskarka ba. Takardar sakamakon digirin farko ita ce ta fi jinkiri, musamman in makarantar ta ce sai an tantance ta ta hannun wata hukuma irin WES, don haka da ita ake farawa. A jarrabawar Turanci, 6.5 a IELTS shi ne abin da aka fi nema a MA na Birtaniya, sau da yawa da sharaɗin kada wani sashe, musamman rubutu, ya gaza wani maki. Sakamakon shekara biyu yake aiki, wanda ya yi ta da wuri sosai tana iya mutuwa kafin a zo biza. Yawancin MFA ba sa neman GRE, jarrabawar shiga digiri na biyu a Amurka, amma wasu shirye-shiryen kimiyya suna iya nema.

Makarantun Amurka sukan rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu don shiga a Agusta ko Satumba, amsa ta zo wajen Maris. Jami'o'i da yawa a can sun amince da yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke ɗauke da tallafi. Na Birtaniya da yawa zagaye-zagaye suke karɓa, kuma gurbi da tallafi sun fi yawa a zagayen farko. Tun ran gini ran zane: mai son shiga a Satumban baɗi, faifansa ya kamata ya kusa kammala a Oktoban bana.

Tallafi da biza suna iya sauya zaɓin gaba ɗaya

Chevening, shirin tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, digiri na biyu mai shekara ɗaya kaɗai take ɗaukar nauyi, tana neman gogewar aiki ta awa 2,800, kuma sai an koma gida na shekara biyu bayan kammalawa. Wato mai dogaro da ita ya cire kwasa-kwasan shekara biyu daga jerinsa, ya kuma ajiye tunanin zama aiki a situdiyon Landan. Erasmus Mundus tana da nata tallafin, DAAD tana da na masu fasaha da dizain da fim a Jamus, Fulbright ta Amurka kuma ta ofishinta na ƙasar mai nema ake bi. A Amurka, manyan jami'o'in gwamnati sun fi makarantun fasaha masu zaman kansu ba da aikin taimaka wa malami, wanda ke zuwa da ragin kuɗin makaranta da ɗan alawus. Aikin yana iya cin har awa 20 a mako, sai a cire wannan daga lissafin zane 27 na kullum.

Bayan kammalawa, mai bizar karatu ta Amurka, F-1, yana da wata 12 na izinin aiki da ake kira OPT. In kwas ɗin yana cikin jerin fannonin kimiyya da fasaha na gwamnati, ana iya ƙara wata 24, jimilla shekara uku. Ba sunan digirin ke yanke wannan ba, lambar rukunin kwas ce da ke kan takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, shi ya sa kwasa-kwasai biyu masu kama da juna ɗaya zai samu ƙarin ɗaya ya rasa. Tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje lambar, a rubuce. A Birtaniya izinin zama bayan karatu da aka fara a 2021 shekara biyu ne, amma gwamnati ta sanar da rage shi zuwa wata 18 daga Janairun 2027.

In aka kira ka ganawa, za a tambaye ka dalilin wani zaɓi a aikinka da abin da za ka gyara in da za ka sake, don haka ka kalli faifanka a daren da idon maƙiyi. Kai ma ka zo da naka tambayoyin. Ɗalibi nawa ne a kan malami ɗaya mai duba fim. Kwamfutocin renda nawa ne, kuma yaya ake rabon su a watan ƙarshe lokacin da kowa ke buƙata a tare. Ɗakunan aiki a buɗe suke da dare da ranakun hutu ko ana kullewa. Wa ke biyan kayan 'yan tsana da haɗa sauti da kuɗin shiga bukukuwan fim. Lasisin manhajoji irin su Toon Boom ko Houdini ko Nuke yana bin ɗalibi zuwa kwamfutarsa ko a ɗakin makaranta kaɗai yake. Sannan wa ke da haƙƙin mallakar fim ɗin kammalawa, domin a wasu makarantun fim, musamman inda makaranta ce ta zuba kuɗin aikin, haƙƙin nata ne, kuma sai da izininta za ka ɗora shi a intanet ko ka mayar da shi dogon shiri. A nemi ganin wannan sharaɗin a takarda kafin a biya kafin alƙalami.